Tiyo, Famfo ko Inji: Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Ɗebe Ruwan Akwatin Kifin Ado?

Duk wanda ya ajiye kifin ado a akwatin gilashi a gidansa, ko ba jima ko ba daɗe zai gane cewa ciyarwa ce mafi sauƙin hidimar, wahalar tana wajen ruwa. Kifi yana ci yana kashi a cikin ruwan da yake numfashi da shi, kuma akwati ba shi da gudun da zai kwashe ƙazantar ya tafi da ita kamar yadda kogi yake yi, saboda haka dole mai kifi ya riƙa ɗebe wani kaso na tsohon ruwa yana maye gurbinsa da sabo a kai a kai. Hanyoyin ɗebewar suna da yawa, daga moɗa da bokiti har zuwa bututun da aka dasa a jikin gilashi, kuma wadda ta dace da akwatin lita 40 a ɗakin haya ba lallai ta dace da na lita 400 a falon da ke nesa da magudana ba.

Kafin a kwatanta kayan aiki, ya kamata a san abin da ake son fitarwa. Kifi yana fitar da amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe amoniya take zama, kuma wannan guba ce ko da kaɗan ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda suke zaune a cikin soson na'urar tace ruwa da kan tsakuwa da jikin gilashi, suna mayar da amoniya ta zama nitirit, sannan nitirit ya zama nitirat. Na ƙarshen bai kai na farko dafi ba, amma na'urar tacewa ta yau da kullum ba ta cire shi, yana nan yana taruwa mako bayan mako, kuma yawancin masu kiwo suna ƙoƙarin kada ya wuce miligiram 40 a kowace lita, wasu ma sun fi son ya tsaya ƙasa da 20. Lissafi mai sauƙi zai nuna dalilin da ya sa yawan ruwan da ake ɗebewa yake da muhimmanci. A ɗauka cewa kifin wani akwati suna ƙara miligiram 10 na nitirat a kowace lita duk mako, kuma sabon ruwan ba shi da nitirat ko kaɗan. Idan ana sauya kashi 10 cikin 100 duk mako, a hankali ma'aunin zai hau ya daidaita a wajen 100. Idan kashi 25 ake sauyawa zai tsaya a 40. Idan rabi ake sauyawa zai tsaya a 20. Wannan yana nufin hanyar da ta gajiyar da mutum har ya koma ɗebe bokiti ɗaya daga babban akwati tana cutar da kifinsa a sannu, ko da ruwan yana nan garau a ido.

Abu na biyu da ake son fitarwa shi ne dauɗar da ta kwanta a ƙasa, wato kashin kifi da guntun abinci da ruɓaɓɓen ganye da suka shige tsakanin tsakuwa. A nan ne hanyoyin suka fi bambanta, domin wasu ruwa kawai suke ɗebewa, wasu kuma suna haɗawa da dauɗar. A ganina wannan bambanci ya fi batun sauri nauyi, kuma da shi zan fi auna kowace hanya.

Sai kuma sanin girman aikin. Idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfin akwati a santimita aka raba da 1,000, an sami litocinsa. Akwati mai tsawon santimita 100 da faɗin 40 da zurfin 50 yana ɗaukar lita 200, kuma kowace santimita ɗaya ta zurfinsa lita 4 ce, don haka rubu'insa ya yi daidai da saukar ruwan da santimita 12 da rabi. Yana da kyau a manna 'yar alama a gefen gilashi a daidai wannan wuri don kada a riƙa ƙiyasi da ido. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ke nan rubu'in wannan akwati kilo 50 ne a fita, kilo 50 a shiga, duk mako. Mai ciwon baya ko wanda yake zaune a bene ya tuna da wannan adadi kafin ya yanke shawara.

Hanya mafi arha ita ce ɗiba da moɗa ko kofi ana zubawa a bokiti. Ba ta buƙatar sayen komai, kuma ga ɗan ƙaramin akwatin da bai wuce lita 15 ko 20 ba, irin wanda ake ajiye kifin betta guda ɗaya a ciki, tana iya wadatarwa na ɗan lokaci. Aibinta shi ne ruwan sama take kwasa, wanda shi ne mafi ƙarancin dauɗa, tana barin abin da ya kwanta a ƙasa yana ci gaba da ruɓewa, sannan tsoma moɗa da fitar da ita sau da yawa yana firgita kifi, ƙanana ma sukan faɗa ciki ba a lura ba. Ba hanyar da za a dogara da ita ba ce.

Mataki na gaba shi ne tiyo zalla. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota zuwa jarka ya san dabarar: da zarar tiyon ya cika da ruwa, kuma bakinsa na waje ya yi ƙasa da saman ruwan da ke cikin akwati, ruwan zai ci gaba da gudu da kansa ba tare da wuta ko inji ba. Abubuwa biyu ne suke hukunta saurinsa. Na farko tazarar da ke tsakanin saman ruwan akwati da bakin tiyo na waje, domin yayin da tazarar ta ƙaru gudu yana ƙaruwa, sai dai ba ninki da ninki ba: sai an ninka tazarar sau huɗu kafin gudun ya ninka sau biyu. Shi ya sa akwatin da aka ɗora kan tebur mai tsayi yake saurin zuba, wanda aka ajiye kusa da ƙasa kuma yake ɗiga kamar ba ya so. Na biyu kaurin tiyo, kuma shi ya fi tasiri, domin idan aka ninka faɗin ramin sau biyu, filin da ruwa yake bi ya ninku sau huɗu. Ana yawan samun tiyon akwatin kifi mai rami na milimita 9 da 12 da 16. Na 9 ya dace da ƙananan akwatuna, na 12 ya isa ga matsakaita, na 16 kuwa yana iya cika bokiti kafin mutum ya waiga. Akwai kuma siririn tiyon iska mai milimita 4, wanda jinkirinsa ne amfaninsa: da shi ake tsince dauɗa a akwatin 'ya'yan kifi ba tare da an zuƙe su ba.

Matsalar tiyo zalla tana wajen tayar da shi. Mutane da yawa suna zuƙa da baki, kuma wannan al'ada ce da ya kamata a bari, domin ruwan akwatin kifi yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Aeromonas. Akwai kuma Mycobacterium marinum, wadda aka fara gano ta a 1926 a jikin kifin wani gidan baje kolin kifaye a Filadelfiya ta Amurka. Ita ta rauni take shiga, tana haddasa ƙuraje masu jinkirin warkewa a hannu, wani lokaci sai an yi watanni ana shan magani. Don haka mai yanka ko ƙurji a hannu ya sa safar roba ko ya bar wani ya yi aikin. Tayar da tiyo ba tare da baki ba abu ne mai sauƙi: a nutsar da shi gaba ɗaya cikin akwati har iska ta fita, a toshe baki ɗaya da babban yatsa, a sauke shi cikin bokiti, a saki. Ana kuma sayar da tiyo mai 'yar robar matsawa a tsakiya, wadda idan aka matsa ta sau uku ko huɗu ruwa yake fara gudu, kuma bambancin kuɗinsa da tiyo zalla bai taka kara ya karya ba. Wani aibin tiyo zalla shi ne ƙarfin zuƙarsa a baki, wanda yake iya kama ƙaramin kifi ko ya haɗiye tsakuwa ya toshe. Ɗaure 'yar raga a bakin yana hana haka, sai dai ragar tana hana manyan guntayen dauɗa wucewa.

Wannan aibi ne ake magancewa da tiyo mai kan tsakuwa, wato tiyo na yau da kullum wanda aka haɗa bakinsa da wani bututun roba mai faɗi, yawanci santimita 3 zuwa 5. Hikimarsa ita ce ruwa ɗaya ne yake bi ta faffaɗan bututun da siririn tiyon, amma a faffaɗan yana tafiya a hankali, saboda haka idan aka soka shi cikin tsakuwa, tsakuwar takan tashi ta yi juyi ta faɗo saboda nauyinta, dauɗa kuwa da yake ba ta da nauyi sai ta bi ruwa ta fita. Mutum yana ganin baƙin ruwa yana hawa, idan ya washe sai ya ɗaga ya matsa gaba. A cikin duk hanyoyin da za a ambata, wannan ce take yin aiki biyu a lokaci guda ba tare da wuta ko ƙarfin famfo ba, kuma ba ta da wani sashe mai lalacewa in ban da robar da kan taurare bayan shekaru.

Tana da ƙa'idojinta. Tsawon bututun ya dace da zurfin akwati, domin dogon bututu a gajeren akwati ba ya tashi da sauƙi, gajere a mai zurfi kuma sai an tsoma hannu har gwiwa. Idan shimfiɗar yashi ce ba tsakuwa ba, ba a soka shi ciki. Ana riƙe shi santimita ɗaya ko biyu sama da yashin ana ɗan juya shi don dauɗa ta tashi, idan yashi ya fara hawa sai a lanƙwasa tiyon da yatsa gudun ya ragu ya faɗo. A akwatin da aka dasa tsirrai ba a kusantar saiwa, domin dauɗar da ke wurin taki ce gare su. Haka nan a babban akwati ba dole ne a share duk ƙasan a rana ɗaya ba, ana iya yin sulusi ko rabi wannan mako a ƙarasa a mako mai zuwa, tun da sau da yawa ruwan da aka yi niyyar ɗebewa yakan ƙare kafin a gama zagayawa. Iyakar wannan hanya ita ce bokiti. Ga akwatin lita 60, rubu'insa lita 15 ne, bokiti ɗaya ke nan, aikin minti goma. Ga na lita 300 kuwa ana maganar lita 75, wato kusan bokiti huɗu na lita 20 a fita da huɗu a shiga, kuma a kowane cika sai an tsaya an toshe tiyo. Maganin rabin wahalar shi ne a sayi dogon tiyo mai kauri ɗaya a haɗa, a miƙa shi kai tsaye zuwa rariyar banɗaki ko cikin shukokin tsakar gida, muddin can ɗin ya fi akwatin ƙasa. Abin da aka rasa da haka shi ne damar duba bokiti, domin ɗan kifin da aka zuƙe bisa kuskure ana iya tsamo shi daga bokiti, amma wanda ya bi rariya ya tafi ke nan.

Wata hanyar da ta shahara a Amurka ga manyan akwatuna ita ce dogon tiyo mai haɗuwa da famfo, wanda samfurin Python ya fi suna a kai, kuma ana sayar da shi da tsawon ƙafa 25 ko 50 har zuwa 100, wato daga kusan mita 7 da rabi zuwa mita 30. Ana ɗaura wani ɗan bututu a bakin famfo a buɗe ruwa. Ruwan famfon yana bi ta wani matsattsen wuri da sauri, matsinsa ya ragu, sai ya janyo ruwan akwati ya haɗa da shi zuwa magudana. Wannan dabi'a ta ruwa ana danganta ta da masanin Italiya Giovanni Battista Venturi, wanda ya bayyana ta a 1797. Idan an gama ɗebewa sai a murɗa makullin, ruwan famfo ya juya ya bi tiyon ya cika akwati. Babu bokiti, babu ɗauka, kuma da yake bakinsa yana da faffaɗan bututu, yana share tsakuwa ma.

A takarda babu wadda ta kai ta, amma tana tsaye ne kan sharuɗɗan da gidaje da yawa a garuruwanmu ba su cika ba. Tana buƙatar famfo mai ƙarfi. Gidan da ruwansa yake saukowa daga tankin da aka ɗora kan ƙarfe yana samun matsi ne gwargwadon tsayin tankin, kuma kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan ma'aunin matsi ɗaya da ake kira bar. Tankin da ke mita 4 ko 5 sama da famfo bai kai rabin bar ba, alhali ruwan gari a ƙasashen da aka ƙera na'urar dominsu yakan kai bar 3 ko fiye. Da irin wannan rauni zuƙar takan yi sanyi har ta kasa ɗaga dauɗa. Sannan tana zubar da ruwa mai tsabta duk tsawon lokacin da take zuƙa, abin da wanda yake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, ko yake ƙona fetur don cika tanki, ba zai yarda da shi ba. Ana iya rage asarar ta hanyar rufe famfo da zarar ruwa ya fara gudu, idan magudanar ta fi akwatin ƙasa, amma a nan na'urar ta koma dogon tiyo kawai, wanda ana iya haɗa shi da kuɗin da bai kai nata ba. Ga kuma matsalar zaren murɗawa, domin bakin famfunan Amurka ba lallai ya yi daidai da na kasuwanninmu ba, sai an nemi mahaɗi.

Babban abin lura game da ita yana wajen cikawa. Ruwa yana shiga akwati kai tsaye daga famfo, ba a ajiye shi ba, ba a auna zafinsa a natse ba. Idan ruwan hukuma ne mai sinadarin kulorin, dole a zuba maganin kashe kulorin a cikin akwatin kafin a buɗe famfo, kuma gwargwadon girman akwatin gaba ɗaya, ba gwargwadon sabon ruwan kaɗai ba. Maganin Seachem Prime, alal misali, mililita 5 ake zubawa ga lita 200. Idan kuma daga tankin sama yake, to a watannin Maris zuwa Mayu ruwan da ya yini a baƙin tanki cikin rana yana iya yin zafin da hannu ma yake jin sa, da asubahin hunturu kuma ya yi sanyi ƙarara, alhali yawancin kifin ado na wurare masu zafi suna son digiri 24 zuwa 27 na ma'aunin Salshiyas, kuma bai kamata sabon ruwa ya bambanta da na ciki da fiye da digiri ɗaya ko biyu ba.

Daga nan sai ƙaramin injin jan ruwa da ake nutsarwa a ciki, ɗan'uwan wanda ake sakawa a rijiyar burtsatse amma ɗan mitsitsi. Irin wanda aka rubuta masa lita 600 zuwa 1,000 a awa wuta kaɗan yake ci, abin da ƙaramar inbata ko sola take ɗauka ba tare da wahala ba. Fifikonsa a kan tiyo shi ne bai damu da tudu ko gangare ba: yana iya ɗebe akwatin da ke ƙasa, yana iya tura ruwa ta taga, kuma mafi muhimmanci yana iya ɗaga sabon ruwa daga duro zuwa akwati, wanda shi ne rabin aikin da tiyo ba ya iyawa. Sai dai a karanta kwalinsa da kyau, domin adadin litocin da aka rubuta na lokacin da injin ba ya ɗaga ruwa sama ne, kuma yana raguwa yayin da tsayi ya ƙaru har ya tsaya cak a wani tsayi da ake rubutawa a gefe. Injin da iyakar ɗagawarsa mita ɗaya ce ba zai cika akwatin da bakinsa yake mita 1.3 daga ƙasa ba. A nemi wanda iyakarsa ta ninka tsayin da ake buƙata.

Rauninsa uku ne, kuma ba ƙanana ba. Ba ya share tsakuwa, ruwa kawai yake ja, kuma idan aka bar tsakuwa ko yashi ya shiga ciki farfelarsa takan lalace. Ba ya jure aiki babu ruwa, domin ruwan ne yake sanyaya shi. Na uku ya shafi ɗauke wuta: idan ana cika akwati daga duron da ke ƙasa, bakin tiyo yana nutse a cikin akwatin, sai wuta ta ɗauke, ruwa zai juyo da baya ta cikin tiyon ya koma duro har ya malala a ɗaki, kuma ba zai tsaya ba sai bakin tiyon ya sha iska. Maganinsa a maƙale bakin tiyo sama da saman ruwa, ana sa faranti ko hannu a ƙarƙashi don kada ruwan ya tone shimfiɗa. Haka kuma idan ɗebewa ake yi, a rataye injin a daidai alamar da aka manna, yadda ko an sha'afa ba zai kwashe akwatin ƙarƙaf ba. Wuta da ruwa a wuri ɗaya suna buƙatar soket mai katse kansa idan wuta ta yi yoyo, kuma a bar wayar ta lanƙwasa ƙasa da soket don ɗigon da ya bi ta ya faɗi ƙasa.

Akwai na'urorin share tsakuwa masu batir, waɗanda suke tara dauɗa a 'yar jaka su mayar da ruwan cikin akwati. Suna da amfani wajen gyara tsakanin mako, amma ba sa rage nitirat ko kaɗan, don haka ba su shiga wannan gasa ba. Wanda kuma yake da babbar na'urar tacewa ta waje yana iya juya tiyon fitarta zuwa magudana, sai dai bakin shigarta dole ya kasance a nutse, kuma ita ma ba ta taɓa dauɗar ƙasa.

Hanya ta ƙarshe ita ce huda gilashi a dasa bututu da makulli, irin tsarin da masu kiwon tarwaɗa suke yi a tafkunan siminti da na tamfol, inda ake buɗe bututu ruwa ya fita ta ƙasa. Ga mai akwatuna da yawa, ko mai kiwon kifin discus da ake sauya musu ruwa sau da dama a mako, babu abin da ya fi wannan sauƙi, musamman idan aka tsayar da bututun ciki a tsayin da ruwa ba zai sauka ƙasa da shi ba. Amma huda aikin gwani ne, ana yin sa akwati yana fanko, kuma gilashin da aka ƙarfafa da zafi, wanda akan yi gindin wasu akwatuna da shi, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya idan aka taɓa shi da abin huda. Kowane mahaɗi kuma wuri ne da yoyo zai iya farawa. Ga mai akwati ɗaya a falo, kasadar ta fi amfanin yawa. In ana so, tun wajen mai haɗa akwatin za a nema.

Idan aka tattara, abin da ya fi yanke hukunci shi ne tushen ruwan gidan. Mai ruwan burtsatse ko rijiya ba shi da matsalar kulorin, amma ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yakan zo da ƙarancin iskar oksijin da yawan iskar kabon, wani lokaci da ƙarfe a narke, saboda haka ya fi kyau ya kwana a duro ana hura masa iska. Mai ruwan hukuma ma zai amfana da kwanan, domin kulorin yakan fice cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da yake idan da kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, aka tsabtace ruwan ajiyewa ba ta fitar da shi, sai magani. Mai sayen ruwa a jarka ba ya da tabbacin inda aka ɗebo shi, don haka ya haɗa ajiyewa da magani. A duk waɗannan, duron da ya kwana a ɗakin da akwatin yake zafinsa yakan daidaita da na ɗakin. Da zarar duro ya zama dole, hanyar famfo ta rasa rabin amfaninta, injin nutso kuma ya sami wurinsa.

Saboda haka ga akwatin da bai wuce lita 100 ba, tiyo mai kan tsakuwa da robar matsawa da bokiti biyu sun isa, sayen inji ɓarnar kuɗi ce. Daga lita 100 zuwa 250, shi ɗin dai za a riƙe, a ƙara masa tsawo zuwa rariya, a yi cikawa da bokiti ko da ƙaramin inji gwargwadon ƙarfin bayan mutum. Sama da haka, haɗin da na fi amincewa da shi shi ne a fara da tiyon tsakuwa a ɗebe bokiti ɗaya ko biyu na dauɗa, inji ya ƙarasa ɗebe sauran, sannan a mayar da injin cikin duron sabon ruwa ya cika akwatin. Na'urar famfo a bar ta ga gidan da yake da ruwa mai ƙarfi, mai yalwa, wanda ake iya daidaita zafinsa. Goldfish da oscar da sauran kifaye masu yawan ci suna tura mutum zuwa ga sauya babban kaso na ruwa da yawan share tsakuwa, akwati mai tsirrai da 'yan ƙananan kifi kuma yana haƙuri da ƙasa da haka.

Ko wace hanya aka zaɓa, a kashe hita, wato na'urar ɗumama ruwan akwati, minti 10 zuwa 15 kafin ruwa ya sauka, domin hitar gilashi mai zafi tana fashewa idan ta fito iska ko sanyi ya taɓa ta, a kuma kashe na'urar tacewa idan bakinta zai fito fili. Bokiti da duro da tiyo su zama na kifi kaɗai: wanda ya taɓa sabulu ko omo ko kananzir ko fetur bai dace ba, kuma maganin sauro da fiya-fiya suna kashe kifi da ɗan abin da bai kai a gani ba, don haka kada a ajiye buɗaɗɗen duro a ɗakin da aka fesa su. A wanke soson tacewa a cikin tsohon ruwan da aka ɗebe, domin ruwa mai kulorin yana kashe bakteriyar da ke cikinsa. Cike gurbin ruwan da iskar hunturu ta busar ba sauyi ba ne, tun da ruwa ne kaɗai ya tafi, gishirin da nitirat suna nan, har sun ƙara kauri.

Akwai yanayi ɗaya da saurin inji ko famfo yake zama haɗari, shi ne akwatin da aka yi watanni ba a sauya masa ruwa ba. Irin wannan ruwa yakan yi tsami a hankali, kifin su saba da shi, kuma a ruwa mai tsami amoniya tana zama a sigar da ba ta da dafi sosai. Idan aka kwarara sabon ruwa mai yawa lokaci guda, tsamin ya ragu farat ɗaya, amoniyar ta koma sigarta mai guba, kifin kuma su sha sauyin da jikinsu bai shirya masa ba. A nan siririn tiyo da bokiti ɗaya ne daidai: a ɗebe kashi 10 cikin 100 kowace rana ko bayan kwana biyu, ana share ɗan yanki na tsakuwa a kowane karo, har tsawon mako ɗaya ko biyu, sannan a koma rubu'i a mako da kowace hanya aka zaɓa.